Sabbin wasannin kwaikwayo: wanne ne ya isa a tara masa jama'a?

A watan Yulin 2024, lokacin da fitaccen marubucin wasan kwaikwayo Wole Soyinka ya cika shekara 90, gwamnatin tarayya ta raɗa wa babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu a Legas sunansa. Tun 1976 ginin yake tsaye, an yi shi ne domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, ya kuma daɗe yana lalacewa kafin bankunan ƙasar nan su haɗa kuɗi su gyara shi. Ranar 1 ga Oktoban 2025 aka sake buɗe shi. Tun daga nan, duk majalisar marubuta ko ta tsofaffin 'yan wasa da na zauna, sai zancen ya koma gida: mu fa, ina namu? Wasu su ce a gina mana irinsa a Kano ko Kaduna. Wasu su ce ai wasan daɓe ya riga mu gidan gaskiya, fim ya yi masa sutura, duk abin da aka kashe a kansa asara ce.

Akwai tambayar da ta riga duka waɗannan. In yau aka danƙa mana makullin ɗaki mai kujera dubu, me za mu sa a ciki? Masu rubuta sabbin wasanni ba su ƙare ba, suna nan a jami'o'i da kwalejojin ilimi da makarantun sakandare. Amma ba duk takardar da aka rubuta wa "Kashi na Ɗaya, Fitowa ta Ɗaya" a samanta ce ta isa a tara mata mutane ba. Mene ne ke sa wani sabon wasan ya cancanci wahalar rihazal da kuɗin haya da man janareto, wani kuma ya fi dacewa da zama a cikin littafinsa?

Suna ɗaya, abubuwa da yawa

Rabin ruɗanin daga sunan yake. Bahaushe na ce wa tashen da yara ke yi cikin azumi wasan kwaikwayo. Haka yake ce wa na rediyo, da na talabijin, da fim ɗin Kannywood, da littafin da ake karantawa don jarrabawa. Shi ya sa in ka ce wa matashi "wasan kwaikwayo", abin da zai faɗo masa a rai shi ne shiri mai dogon zango a YouTube ko Arewa24.

Wanda muke magana a kai shi ne wasan daɓe, wasu su ce wasan dandamali, a Nijar kuma za ka ji ana cewa teyatur. 'Yan wasa da masu kallo suna wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya. Babu a yanke a sake, babu edita da zai rufa wa wani asiri. Rubutaccen wasa kuwa gari ne, ba tuwo ba. Sai an ɗora tukunya, wato an sami mai ba da umarni da 'yan wasa da masu kallo, sannan za a san ko dawar mai kyau ce.

"Sabon wasa" a nan shi ne wanda marubucinsa ke raye yana cikinmu, yana ganin abin da muke gani, kuma ko dai ba a taɓa yin wasan ba ko an yi shi sau ɗaya an ajiye. Ya bambanta da tsofaffin littattafan nan da makarantu ke maimaitawa shekara da shekaru, waɗanda ba su da laifi, sai dai ba su san wayar salula ba balle kuɗin fansa.

Daga baki zuwa takarda, sannan aka juya

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa ganin yaro ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya ranƙwafa da sanda yana tari a ƙofar gida bayan an sha ruwa, ya ga ɗan wasa da kayan wasa da masu kallo. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai suna wa'azi a kan tuwo da miya. A wasan gauta, matan fada ne ke shiga rigar sarki da hakimai su nuna wa masu mulki halinsu, a yi dariya, a kuma ji a jiki.

Na rubuce ya shigo ta makaranta. A 1930 aka buga wasanni shida da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya da Hausa. A ƙarshen shekarun 1930, Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa tsara wasannin da ke zungurar masu cutar talaka. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949. Shu'aibu Makarfi ya buga Zamanin Nan Namu a 1959, Jatau Na Kyallu kuma a 1960, duka biyun sai da aka ji su a rediyo kafin a gan su a takarda. Wannan shi ne abin lura. Maganganun cikinsu sun bi ta bakin 'yan wasa, an goge su, an zubar da tsakuwa, sannan aka kai maɗaba'a. Shi ya sa har yau in ka karanta su da ƙarfi za ka ji mutane ne ke magana.

A Nijar ma haka abin ya tafi, har ya fi. Zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasa a bikin matasa na ƙasa, kuma yawancin wasannin ba a rubuta su kalma da kalma. A zauna a yarda a kan labari, a raba fitowa, kowa ya zo da maganarsa. A irin wannan makarantar su Yazi Dogo suka yi suna a Damagaram. A Samaru ta Zariya kuwa, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da aka fara a 1975 ya gina ɗakin wasansa da ƙasa, kamar gidan Bahaushe, sannan malamai da ɗalibai suka riƙa fita garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su mayar da ita wasa a dandalin gari.

Sai 1990 ta zo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda asalinta ƙungiyar wasan daɓe ce, ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Babu wanda ya yi niyyar kashe wani abu. Kawai dai ɗan wasan da a da sai ya yi wata guda yana rihazal don mutum ɗari biyu su gan shi dare ɗaya, yanzu ya ga hanyar da za a gan shi daga Kano har Agadas da Kumasi, kuma a biya shi. Wa zai ƙi? Ƙungiyoyin unguwa suka zama kamfanonin fim ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage kuma matsalar tsaro ta ƙarasa shi: bayan harin 20 ga Janairun 2012 a Kano da dokokin hana fita da suka biyo baya, taron dare ya zama abin da iyaye ba sa bari a je.

Marubucin wasa sai ya wayi gari babu ƙungiyar da za ta gwada masa rubutunsa. Hanyar ta juya. A da daga baki ake zuwa takarda, yanzu daga takarda ake zuwa kanta.

Wa marubucin yau yake rubuta wa?

In ka cire masu rubuta wa fim, marubucin wasa a yau yana da iyayen gida uku, kuma babu mai sayen tikiti a cikinsu.

Na farko jarrabawa. Littafin da ya shiga manhajar WAEC ko NECO ko JAMB ya sami kasuwa ta shekaru. Don haka sai a rubuta wasan da jigonsa ke zaune a fili kamar tulu a tsakar gida, yadda ɗalibi zai iya amsa "kawo jigon wannan wasa" ba tare da ya yi gumi ba.

Na biyu gasa. Mafi tsoka a ƙasar nan ita ce ta kamfanin iskar gas na NLNG, dala 100,000, wadda ke juyawa tsakanin ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Ahmed Yerima ya ci ta wasa a 2006, Sam Ukala a 2014, Soji Cole a 2018, Obari Gomba a 2023. Kuɗi ne na kirki, kuma sun sa an san marubutan. Sai dai bugaggen littafi ake miƙa wa alƙalai, da Turanci, su karanta a zaune. Mai rubutu da Hausa ko ƙofar bai isa ba.

Na uku ƙungiyoyin ba da tallafi, masu son a yi wasa a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata ko zaman lafiya. Aikin alheri ne, kuma su ne suka riƙe 'yan wasan daɓen da suka rage. Matsalar ita ce sun san ƙarshen wasan tun kafin a rubuta farkonsa. Za ka ga maigida ya kafe ya ƙi, ma'aikaciyar lafiya ta shigo da jakarta ta yi jawabin minti biyar, shi ke nan ya ce "ashe haka abin yake, na tuba". Mutanen ƙauye na da kara, za su tafa. Amma sun san maigidan da suka sani ba haka yake saukowa ba.

Gwajin baki

Ga abin da na gani da idona. Wani abokina malamin Hausa a wata sakandaren 'yan mata ya rubuta wasa a kan auren dole, ya gayyace ni rihazal a wani aji bayan la'asar, an tura bencina jikin bango. Aka zo fitowar da uba ke shaida wa 'yarsa ya ba da ita. A takarda, amsar yarinyar ita ce: "Haƙiƙa mahaifina, wannan hukunci da ka zartar ya girgiza zuciyata, kuma ya saɓa wa 'yancina na 'ya mace." Ɗalibar ta karanta sau ɗaya ta yi tuntuɓe, ta sake, 'yan ajin suka fara ƙunshe dariya. A na uku sai ta sauke takardar.

"Malam, wallahi ni ba zan iya gaya wa Babana haka ba."

"To ke me za ki ce masa?"

"Ba abin da zan ce. Sai dai in ce 'to', in ya fita in tafi wajen Gwaggo."

Malamin ya yi shiru, ya ɗauki biro ya soke rabin shafi. Washegari ya dawo da sabuwar fitowa: yarinya da gwaggonta a ɗaki, sannan gwaggo da yayanta a zaure, tana zagaye-zagaye da zancen tsadar taki kafin ta iso inda za ta. Wannan fitowar ce ta zama ƙashin bayan wasan.

Ma'auni na farko ke nan, kuma shi ne babba: shin bakin mutum zai iya ɗaukar maganar? Da yawa daga sabbin wasanninmu an rubuta su da Hausar labaran rediyo, kowa na magana kamar mai karanta sanarwa. Direba da alƙali da tsohuwa mai ƙosai duk murya ɗaya. Wasan da ya cancanci dandamali, ko an rufe sunayen da ke gefen shafi za ka gane wa ke magana.

Daga nan sai abin da ba a faɗa ba. Rayuwar Bahaushe cike take da maganar da ake yi ba da baki ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta. Surukin da ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Kishiyar da ke yi wa kaza faɗa alhali ba da kaza take ba. Jika da kaka da ke faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci da sunan wasa, ko taubasai da ke da lasisin cin fuskar juna. Wannan duk dukiya ce ga marubucin wasa, domin a kan dandamali shirun minti ɗaya yana da nauyin da ba ya da shi a littafi. A fim, kyamara ce za ta matso ta nuna maka hawaye, ta ce ga inda za ka duba. A daɓe, kai ne za ka zaɓa: fuskar uban za ka kalla, ko hannun yarinyar da ke tsinkar bakin tabarma? Marubucin da ya san wannan yakan rage magana ya bar wa jiki aiki.

Sai kuma masu kallo. Namu ba irin na Turai ba ne da ke zama tsit sai an rufe labule. Namu suna amsawa. "Ƙarya yake yi!" "Allah ya isa!" "Kar ki yarda!" Wasu masu ba da umarni da suka yi karatu mai zurfi suna jin haushin haka, ni kuwa a ganina shi ne ribar abin gaba ɗaya. Wasan da aka rubuta ba a bar wa jama'a ƙofar shiga ba, gara a ɗauke shi a bidiyo. Wanda ya cancanci daɓe shi ne wanda zai raba ɗakin biyu, a fito ana musu har bakin titi.

Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai an ba mugu hujjarsa. Uban nan da ya ba da 'yarsa, in an nuna shi azzalumi kawai mai zare ido, babu uban da ke cikin masu kallo da zai ga kansa a jikinsa. Amma in an nuna bashin da ke wuyansa, da alkawarin da ya yi wa amininsa a gaban mutane, da tsoron da yake ji na abin da unguwa za ta ce, to an kama shi, an kuma kama na zaune.

Zancen zamani shi ne na ƙarshe a wurina, ko da yake shi aka fi ambata. Gaskiya ne sabon wasa na iya taɓa abin da tsoho bai sani ba. Wasan da ya ci wa Soji Cole gasa a 2018, Embers, a sansanin 'yan gudun hijira na Arewa maso Gabas aka kafa shi, yana duban rayuwar mata da 'yan mata a hannun waɗanda aka ce su kula da su. Abin da jarida ke ba ka a matsayin adadi, dandamali zai tsayar maka da shi mutum, taku biyar daga inda kake zaune. Amma sabon batu kaɗai ba ya yin wasa. Ana iya rubuta wa garkuwa da mutane wasa marar rai, a kuma rubuta wa rabon gadon gona ɗaya wasan da zai hana mutum barci. Abin takaici a nan, wasa irin wancan da Turanci yake, mutanen da ake magana a kansu kuwa Kanuri da Hausa da sauran harsunan yankin suke ji. Fassara irin waɗannan zuwa Hausar da za a iya furtawa aiki ne da ke jiran masu yi.

Akwai kuma lissafin aljihu, wanda marubuta ba sa son ji. Wasa mai mutum talatin da dawakai da fada da kasuwa da filin jirgi, babu mai iya ɗaukarsa, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya ninka. Mai mutum biyar da tabarma da buta zai shiga bayan a-kori-kura ya zaga makarantu goma.

Masu cewa a bar shi ya kwanta

'Yan fim na da hujja mai ƙarfi: shiri ɗaya a YouTube zai kai ga mutanen da ɗakin wasa ba zai tara ba ko da shekara zai yi yana cika. Haka ne. Sai dai su ma sun san daga ina gwanayensu suka fito. Irin su marigayi Kasimu Yero, da marigayi Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, ba a gaban kyamarar waya suka koyi riƙe jama'a ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku ya ga barkwancinsa ya faɗi ƙasa babu wanda ya yi dariya, ya koyi darasin da "a yanke, a sake" ba ya koyarwa.

Ɓangare na biyu na malamai da iyaye ne, masu tsoron cakuɗuwar maza da mata da fitar dare da raye-raye. Ba ƙaramin ɓangare ba ne. Shi ya haifar da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, shi ya sa aka fasa gina alƙaryar fim a garin Ƙofa da ke Jihar Kano a 2016. Duk mai shirin wasan daɓe a Arewa da ya yi kamar bai san da wannan ba, kansa ya yaudara. Amma yawancin abin da ake tsoro na wurin taron ne da lokacinsa, ba na wasan ba. Wasan da aka yi da hantsi a harabar makaranta, iyaye na zaune, mata gefe maza gefe, da wuya ka ji an ce uffan.

A Legas an bi wata hanya daban: manyan wasanni masu kiɗa da rawa irin na Bolanle Austen-Peters a cibiyarta ta Terra Kulture, tikiti mai tsada, kamfanoni na ɗaukar nauyi. Yana yi musu aiki, amma ban ga alamar rigar za ta yi mana daidai ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne abin da Patrick-Jude Oteh ya daɗe yana yi a Jos da ƙungiyarsa da bikin wasanninta, ko abin da marigayi Alfred Dogbé ya yi a Yamai da ƙungiyar Arène Théâtre kafin rasuwarsa a 2012: ƙaramar ƙungiya mai ɗorewa, wadda marubuci zai kai wa rubutu a karanta masa da ƙarfi.

Abin da ya shafi wanda ba marubuci ba

Wanda ya fi cutuwa da halin da ake ciki shi ne ɗalibi. Dubban yara na amsa tambayoyi a kan wasan kwaikwayo duk shekara ba su taɓa ganin an yi ko ɗaya a gabansu ba. Sun haddace jigo da salo da zubi da tsari, kamar wanda ya haddace sunayen kayan miya bai taɓa ɗanɗana ta ba. Bayansa sai mai kallon fim, wanda ke ƙorafin labarai sun zama iri ɗaya, bai san cewa wurin da ake gwada labari da arha kafin a zuba masa miliyoyi ne ya rufe ba. Akwai kuma tela da kafinta da mai haya da kujeru da mai sayar da zoɓo a ƙofa, waɗanda duk daren wasa kasuwa ce a gare su.

Abin da ake buƙata don a gane wasa mai kyau bai kai ginin Iganmu ba. Aji ɗaya, mutum shida masu iya karatu da murya, marubucin na zaune a gefe an hana shi yin bayani. In aka kai shafi na goma masu sauraro sun fara duba waya, an sami amsa.

Wasan abokin nan nawa an yi shi ranar bikin raba kyaututtuka, ƙarƙashin rumfa, lasifika na ƙara tana ɗaukewa. Da aka zo inda uban ya gama magana, yarinyar ta ce "to", ta sunkuyar da kai tana tsinkar tabarma. Ta daɗe a haka, har na fara zaton ta manta abin da ke gaba. Can sai wani dattijo a layin iyaye, da carbi a hannunsa, ya ce da ƙarfi, ba tare da ya san ya faɗa ba: "Kai, yarinyar nan fa ba ta so." Wani na bayansa ya ce, "To ya zai yi, ya riga ya karɓi kuɗin mutane?" Sai da shugabar makarantar ta juyo ta ɗaga musu hannu sannan gwaggo ta samu ta shigo.

Har yau ba a buga wasan ba. Yana cikin wani littafin rubutu mai bango shuɗi a durowar malamin, rabin shafin nan da ya soke yana nan da layin biro a kansa.